Ba a Tura Gyara Ranar Juma'a

Ranar 19 ga Yulin 2024 ta faɗo Juma'a. Da muka sauko daga masallaci na biya ta wajen mai shayin da ɗan ƙanwata da abokansa suka mayar kamar ofis, a gindin wata darbejiya kan hanyar Jami'ar Maiduguri. Su biyar ne, kowa da kwamfutarsa a jaka, amma ranar ba wanda ya buɗe tasa. Waya ɗaya suke miƙa wa juna, duk wanda ta iso hannunsa sai ya tuntsire da dariya har da bugun cinya. Na ce su ba ni in gani. Hoton wani filin jirgin sama ne a Amurka, allunan da ke nuna lokacin tashin jirage duk sun koma shuɗi, matafiya sun yi cirko-cirko da akwatunansu. Na ce to mene ne abin dariya a wahalar bayin Allah? Ɗan ƙanwar tawa ya goge ƙwalla ya ce, "Kawu, ba su muke wa dariya ba. Wani ne ya tura gyara ranar Juma'a."

A lokacin ban gane ba. Sai da na zauna suka warware mini zare da abawa, na fahimci cewa wannan 'yar jimlar ta ɗauke kusan duk abin da manyan jaridun duniya suka kwashe mako guda suna bayani. Tun daga ranar nake sauraron barkwancin yaran nan da kunnen basira, kuma na kai ga matsayar cewa raha ce da ta cancanci a yi mata karatun ta-natsu.

Ga abin da ya faru. Da asubahin wannan rana, ƙarfe 5 da 'yan mintuna agogon Najeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wani ɗan ƙaramin sabuntawa zuwa manhajarsa ta Falcon, wadda bankuna da asibitoci da kamfanonin jiragen sama ke ɗorawa a kan Windows don kare kansu daga masu kutse. Minti 78 kacal sabuntawar ta yi kafin a janye ta, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne suka durƙushe. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000, ya kuma ce ya yi asarar dala miliyan 500. A Ingila tashar Sky News ta ɗauke, likitocin unguwa suka koma biro da takarda. Musabbabin duk wannan bai taka kara ya karya ba a ido: an tsara wani sashe na manhajar ya karanta bayanai 21, aka tanadar masa 20. Da ya miƙa hannu zai ɗauko na 21 ya tarar da wayam, sai kwamfutar gaba ɗaya ta kife.

Masu rubuta manhaja suna da tsohuwar doka da suke faɗa cikin raha, wai ba a sakin sabon aiki ranar Juma'a. Dalilinta a bayyane yake: idan abin ya ɓaci, kowa ya tafi hutun ƙarshen mako, wanda ya jawo ruwan shi ruwa zai doka har safiyar Litinin. Amma a ƙarƙashin wannan akwai doka ta biyu wadda ta fi ta nauyi, ita ce kada ka saki abu ga kowa da kowa a lokaci guda. Uwargida ma ba ta zuba wa gida miya sai ta ɗanɗana gishirinta a tafin hannu. CrowdStrike ya zuba wa duniya gaba ɗaya ba ɗanɗane, kuma a bayanin da ya fitar daga baya ya yi alkawarin cewa nan gaba zai riƙa saki kashi-kashi. Abin da kamfanin ya amsa bayan kwanaki, yaran nan sun faɗe shi a gindin darbejiya kafin shayinsu ya huce.

Shi ya sa nake ganin barkwancin wannan sana'a jarrabawa ce a ɓoye. Wanda bai taɓa kwana yana neman waƙafi ɗaya da ya ɓata masa aiki ba, ba zai ji daɗin wasan ba ko an fassara masa. Wanda kuwa ya yi dariya daga ciki, to yana iya gaya maka inda gizo ke saƙar. Da wasa ake faɗa wa wawa magana, in ji Hausawa, kuma manyan kamfanonin ma sun san da haka. Mako uku bayan wannan ɓarna, a taron masana kutse da tsaro na DEF CON da ake yi a Las Vegas, an bai wa CrowdStrike kambun kwaɓa mafi girma ta shekara, wanda kyauta ce ta tsokana. Shugaban kamfanin, Michael Sentonas, ya je da ƙafarsa ya karɓa a gaban jama'a. Na girmama wannan zuwan. Ya nuna cewa a cikin wannan sana'a tsokana hanya ce ta hisabi, kuma mai laifi yana iya tsayawa ya sha ta ba tare da ya aika lauya ba.

Mu 'yan Borno bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Duk wanda ya tashi a nan ya san wasan Barebari da Fulani, kamar yadda na Kano ya san nasa da Bazazzagi. Babarbare zai tare Bafulatani a tsakiyar Kasuwar Monday ya kira shi bawansa, wancan ya rama da wadda ta fi zafi, baƙo ya ɗauka yanzu za a ba hamata iska, su kuwa sai su ƙare a kan tabarma ɗaya. Wasan yana da ƙa'ida. Abokin wasa ne kaɗai ke da izinin faɗin wannan magana, kuma ranar da wani abu ya sami ɗayansu, wasa ya tsaya, sai jaje da taimako. Haka na ga yaran nan suke. Mai rubutu da Python yana yi wa mai JavaScript dariya, mai Linux yana kallon mai Windows kamar wanda bai iya naɗa rawani ba, mai kula da abin da ido ke gani a manhaja da mai kula da cikinta kullum suna ɗora wa juna laifi. Amma a wannan Juma'ar, bayan dariya ta lafa, ɗaya daga cikinsu ya ce shi tausayin ma'aikatan da za su bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin sabuntawar da hannu yake ji, domin haka gyaran ya kasance. Wurin ya yi tsit. Kowannensu ya san gobe yana iya zama shi, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Akwai wani zanen barkwanci da Ba'amurke Randall Munroe ya yi a 2020 wanda kusan duk mai wannan sana'a ya sani: wani ƙaton gini na tubala da ke wakiltar fasahar zamani gaba ɗaya, ya dogara a kan wani siririn tubali guda da wani bawan Allah ke kula da shi kyauta, ba mai ce masa sannu. A Maris na 2024 zanen ya tashi daga wasa. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'ura na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, ya gano an dasa ƙofar sata a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz da ke cikin ɗimbin kwamfutocin Linux na duniya. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana ɗawainiya da ita, har gajiya ta sa ya karɓi taimakon wanda ashe ɓarawo ne. Kusan shekara huɗu kafin nan mai zane ya riga ya nuna wurin da yatsa.

Abin da ya fi ja mini hankali shi ne yadda irin waɗannan labarai ke sauya ɗanɗano idan suka iso Maiduguri. Ɗauki ranar 4 ga Oktoban 2021. Bayan la'asar Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, saboda wani umarni da aka bayar a lokacin gyara ya yanke cibiyoyin kamfanin daga sauran intanet, har kayan aikin da injiniyoyinsa za su yi gyaran da su suka tafi tare. Duniya ta ruɗe, jama'a suka kwarara Twitter suna kuka da raha. A Najeriya kuwa gwamnati ta rufe Twitter tun watan Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A Maiduguri ana cikin wata na tara ba wutar lantarki, tun da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin Damaturu a watan Janairu, aka gyara a Maris suka sake tarwatsawa cikin 'yan kwanaki. Yaron da ya kai wayarsa wajen mai caji ya biya kuɗi, ya dawo ya ji wai duniya na makokin awa shida, dole dariyarsa ta bambanta da ta ɗan Landan. Waɗanda suka ɗan manyanta a cikinsu suna tuna 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu aka katse layukan waya na watanni, har sai mutum ya yi doguwar tafiya zuwa wata jiha kafin ya sanar da danginsa cewa yana raye.

Wanda ya rayu cikin wannan ba a yi masa romon baka da tallar kamfanoni. Idan aka ce masa ya ajiye komai a "gajimare", ya san tsohon wasan masu sana'ar cewa gajimaren nan ba komai ba ne illa kwamfutar wani a garin wani. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa aka ga zahiri, sa'ad da wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da masu POS suka tsaya cak daga Legas har bakin Tafkin Chadi. Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗan Maiduguri ya san haka a jikinsa, kuma a ganina wannan sani jari ne da takwaransa na Kalifoniya ba shi da shi.

Har nasu wasan suke ƙirƙira, kuma shi na fi so. A wannan sana'a kuskuren da ke cikin manhaja ƙwaro ake kiransa. Sunan ya tsufa a bakin injiniyoyi, amma ya ƙara shahara a 1947 da aka ciro wani ƙwaro na gaske daga cikin wata katafariyar kwamfuta a Jami'ar Harvard aka manna shi a littafin aiki. Na ji wata ɗaliba tana ce wa abokin karatunta da ya karaya da wani kuskure, ai a garin nan ƙwaro ba ya ba mu tsoro, soya shi muke yi mu barbaɗa masa yaji. Duk wanda ya taɓa sayen fara a ƙullin leda da yamma a garin nan zai gane. Wannan wasa ba a aro shi daga ko'ina ba, kuma na ga yaron ya koma kan aikinsa.

Akwai kuma wasan da ruwa ya wanke wa dariya. Masu sana'ar kan ce mutane iri biyu ne, waɗanda ke ajiye kwafin bayanansu a wani wuri daban, da waɗanda za su fara nan gaba. A daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle. Ruwa ya shafe Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. An yi asarar rayuka da gidaje, wanda ya fi komai ciwo. Bayan ruwa ya janye sai aka shiga wata asarar ta daban: takardun shaidar karatu, littattafan bashi na 'yan kasuwa, kwamfutoci cike da aikin shekaru, duk sun zama laka. Tun daga nan ban sake jin yaran sun faɗi wannan wasa da irin muryar da ba.

Duk da haka ba kowace dariya nake goyon baya ba, kuma a nan ne nake da magana da su.

Wani kaso mai yawa na hotunan barkwancin da suke miƙa wa juna daga Amurka yake zuwa, da damuwar Amurka a cikinsa. Lokacin da Meta ya sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023, an yi ta raha kan ma'aikacin da ya rasa abincin ofis na kyauta. Yaronmu ya yi dariya, alhali abin da ya riƙa hana shi barci a waɗancan shekarun shi ne katin bankinsa na naira ya daina biyan ko dala ɗaya a waje, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin shekara guda, man janareta ya ninka bayan cire tallafi a Mayun 2023, kuɗin data kuma aka amince a ƙara masa kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ba laifi ba ne mutum ya san abin da ke ba maƙwabci dariya. Amma wanda duk raharsa ta aro ce, a hankali tunaninsa ma na aro zai koma, ya zauna a Bulumkutu yana gina manhajar da sai mai wuta awa 24 za ta yi wa amfani.

Kan batun ƙirƙirarriyar basira kuwa, ina jin tsoro a ƙarƙashin dariyar. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 wasan da ya fi yawo shi ne, na'ura ta rubuta mini aiki a minti biyu, na kwana biyu ina gyarawa. Akwai gaskiya a ciki, domin karanta rubutun manhajar da ba kai ka yi ba ya fi rubuta naka wuya. A farkon 2025 har aka raɗa wa wani salo suna, wato ka faɗa wa na'ura abin da kake so ka karɓi abin da ta ba ka ba tare da ka duba ba. Ƙwararru suna iya yin wasa da wannan domin sun san inda za su leƙa idan ta kwaɓe. Wanda ya fara koyo jiya a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, ya ɗauki wasan da gaske, ƙaramin sani zai zame masa ƙuƙumi. Manyan cikinsu suna da alhakin gaya wa ƙanana inda wasa ya ƙare.

Dariyar da na fi ƙi ita ce wadda ke rufe magana. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, na tura kuɗin magani daga wayata zuwa wani kemis. Kuɗi suka fita daga asusuna, ba su isa wurinsa ba. Mai kemis ya san ni, ya ba ni maganin, amma ni na san na bar shi da zullumi. Na je banki na bi layi tun safe har azahar. Da na isa gaban ma'aikacin na yi masa bayani, sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai ka san halin netwok ɗinmu." Waɗanda ke bayana a layi suka yi dariya, irin ta wanda ya gaji. Kuɗin ba su dawo ba sai bayan kwanaki da yawa. Na daɗe ina tuna wannan murmushi. Dariyar gindin darbejiya ta ambaci dalili: an saki abu ba gwaji, ga ranar, ga kuskuren. Ta banki kuwa ba ta ambaci komai ba. Kalmar netwok a ƙasar nan ta zama bargon da ake lulluɓe kowace gazawa da shi, mu kuma mun koyi yin dariya mu wuce, kamar zafin watan Afrilu ne da ba mai iya yi masa komai.

Mai rubuta manhaja ya fi kowa sanin cewa ba haka ba ne. Sau da yawa idan aka ce netwok ne, ma'anarsa ita ce ba wanda ya zauna ya rubuta abin da zai faru idan layi ya yanke a tsakiyar ciniki: shin kuɗin su koma nan take, ko su jira, kuma wa za a sanar. Wannan aikin mutum ne, kuma wani ne bai yi shi ba. A garin da yankewar sabis da ɗaukewar wuta suka zama abin yau da gobe, manhajar da aka gina bisa zaton layi ba zai taɓa yankewa ba da aibinta aka haife ta. Idan yaranmu masu wannan ilimi suka shiga sahun masu cewa ai ka san halin netwok, to mun rasa mutanen da su kaɗai za su iya nuna mana ainihin inda ya yage. Abin da nake roƙonsu shi ne su riƙe irin dariyar da ta san dalili, su kuma juyo da ita gida, kan manhajojin bankunanmu da na makarantunmu da na ofisoshinmu, da irin kaifin da suke yi wa CrowdStrike.

Ɗan ƙanwata yanzu yana kula da wata 'yar manhaja da ya rubuta wa masu shaguna, bayan wani mai kemis da ambaliya ta cinye wa littafin bashi ya roƙe shi. Tana ajiye lissafi a cikin wayar ko babu sabis, idan sabis ya dawo ta aika kwafi wani wuri da kanta. Shaguna kaɗan ne ke amfani da ita, kuma kuɗin da yake samu bai wuce na data da mai ba. In ya yi gyara, shago ɗaya yake fara ba wa, ya jira kwana biyu ya ga abin da hali zai yi.

Wata Alhamis da yamma ina zaune wurin mai shayin nan wayarsa ta yi ƙara. Wani dattijo ne mai shagon kayan masarufi, yana so a ƙara masa wurin rubuta bashin da aka biya rabi, kuma yana so gobe-gobe. Na ji yaron yana cewa, "Ranka ya daɗe, aikin ba wuya, yau ma zan gama shi. Amma a yi mini haƙuri zuwa Talata kafin in saka maka." Dattijon ya tambayi dalili. Ya ce, "Gobe Juma'a ce, Alhaji. In wani abu ya ɓaci kana tsakiyar ciniki, ni kuma ina masallaci." Abokansa suka fashe da dariya. Shi kuwa ya buɗe kwamfutarsa ya duba sauran cajin da ke ciki, ya ce wa mai shayi ya ƙaro masa kofi ɗaya.